Kowace roba da muryarta: yadda haske ke tona asirin leda da bokiti

Duk wanda ya taɓa tsayawa gaban rumfar mai saida kayan roba, ko a Kasuwar Dole ta Damagaram ko a babbar kasuwar Maraɗi, ya ga yadda mace ke zaɓen bokiti. Sai ta ɗaga shi ta duba ta hasken rana, ta lanƙwasa bakin da yatsa, ta ƙwanƙwasa gindin ta kasa kunne. In ƙarar ta yi mata kauri ta taya, in ta ji ƙarar fanko ta ajiye. Duk da haka sau nawa aka sayi bokiti biyu rana ɗaya, launi ɗaya, kuɗi ɗaya, guda ya shekara uku ana ɗibar ruwa da shi, gudan kuwa ko damina bai gani ba ya tsage? Mai saye ta dawo da faɗa, mai saidawa ya ce shi ma haka ya saro, kuma gaskiyarshi ce, don ido ba ya ganin abin da aka cuɗa cikin roba.

Wannan rashin gani yana cin jarin mutane. A watan Disamba na 2016 jami'an kwastan na Najeriya suka kama buhu 102 na shinkafa a Legas, suka ce shinkafar roba ce. Labarin ya bazu ƙasa-ƙasa ta wayar salula, jama'a suka shiga tsarguwa da shinkafar da ke cikin tukunyarsu. Da hukumar NAFDAC mai kula da abinci da magunguna ta auna, sai ta ce babu roba ciki, illa dai shinkafar ta gurɓata da ƙwayoyin cuta, ba ta ciyuwa. Kafin sakamakon ya fito, jita-jita ta riga ta yi nisa.

To, ashe akwai hanyar da masana ke bi su san ainihin abin da ke cikin roba, kuma ba ta rasa kama da dabarar waccan mai ƙwanƙwasa bokiti. Su ma murya suke saurare, sai dai da haske suke ƙwanƙwasawa, kuma abin da suka ji suna maida shi hoto. Wannan aiki ne muka ga ya kamata mu warware ma ƴan kasuwa, tunda kusan duk abin da ke bisa teburinmu yau, in ba roba ba ne, to cikin roba yake.

Kama da wane ba ta wane

Mu a bakinmu suna biyu ne, leda da roba. A wurin masana kuwa iri-iri ne, kuma dukansu suna ce masu polimer. Ma'anar kalmar ita ce abu mai gaɓoɓi da yawa. Ku ɗauka kamar jigida ce: ƙwaya ɗaya ake ta maimaitawa, dubbai bisa dubbai, har ta zama doguwar sarƙa, sarƙoƙin kuma su sarƙe da juna. Irin ƙwayar da aka jera shi ke bambanta wannan roba da waccan. Mafi yawansu daga man fetur da iskar gas ake samo su.

Tun 1988 masu masana'antu a Amurka suka fito da lambobi daga 1 zuwa 7, waɗanda ake bugawa cikin ɗan zane mai kusurwa uku a gindin kaya. Lamba 1 ita ce PET, ta gorar ruwa da ta lemo, kuma ita ce dai ake ja ta zama zaren yadin poliyesta. Lamba 2 poliyetilen ce mai tauri, ta jarka. Lamba 3 PVC ce, ta bututun pampo da tiyo da wasu takalman roba. Lamba 4 poliyetilen ce mai laushi, ta leda da fiya wata. Lamba 5 polipiropilen ce, ta buhun hatsi, tabarmar roba, kujera da marfin gora. Lamba 6 polistiren ce, ta farin kwanon nan maras nauyi da ake zuba abincin saidawa. Lamba 7 kuwa tarkacen sauran ne.

Kowace da halinta gaban wuta. Ledar lamba 4 tana narkewa wajen digiri 110, lamba 5 sai ta kai 160, gorar PET kuwa tana fara lanƙwashewa tun wajen digiri 70, ko da yake ba ta narkewa sai ta kai 250. Ban da haka masana'anta na ƙara wasu abubuwa: launi, garin alli don rage tsada, maganin rana, da man da ke sa PVC ta yi laushi. Matsalar ita ce kaya da yawa da ke shigo mana ba su da lamba, wasu kuma an narka tsohuwar roba iri biyu ko uku an zuba su. Nan ne aikin haske ke shigowa.

Yadda ake jin muryar

Ƙananan ƙwayoyin da suka haɗu suka yi sarƙar roba ba a tsaye suke cik ba. Kullum cikin rawa suke, suna miƙewa suna takurewa, kamar tsirkiyar molo da aka taɓa. Tsirkiya mai kauri da siririya ba su yin murya ɗaya, haka ma mahaɗin ƙwayoyin nan. Mahaɗin karbon da idirojen yana da saurin rawarshi, na karbon da oksijen yana da nashi, na karbon da kulor yana da nashi.

Mu da muke aikin rediyo abin bai zo mana baƙo ba. Kowace tasha da zangonta, in ka murɗa akwatinka ya dace da zangon sai ka kama ta. Tashar FM da ke bisa lamba 100 tana kaɗawa sau miliyan 100 cikin daƙiƙa guda. Rawar mahaɗin karbon da idirojen ta fi wannan sauri kusan ninki miliyan ɗaya. Kunne ba ya jin ta, amma akwai hasken da zangonshi ya dace da ita.

Wani masanin taurari a Ingila, William Herschel, shi ya gano wannan haske a 1800. Ya raba hasken rana da gilashi zuwa launukan bakan gizo, yana auna zafin kowane launi, sai ya ga ma'aunin ya fi hawa a gaba da ja, inda ido ba ya ganin komai. Shi ne hasken bayan-ja, wanda ake ce ma infiraruj da Faransanci. Irinshi ne ke fita daga bakin abin canza tashar talabijin. In aka haska shi bisa yankin roba, kowane mahaɗi sai ya shanye zangon da ya dace da rawarshi, ya bar sauran su wuce. Na'ura ta auna abin da ya ɓace, ta zana layi mai tudu da kwari. Wannan zane shi ne muryar robar, kuma kamar zanen yatsa yake, na poliyetilen daban, na PET daban. Kwamfuta na da ajiyar dubban zanen da aka riga aka sani, sai ta gwada ta faɗi sunan.

Hanya ta biyu daga Indiya ta fito. Ranar 28 ga watan Fabrairu na 1928, a birnin Kalkata, wani malamin kimiyya mai suna C. V. Raman tare da ɗalibinshi Krishnan suka tabbatar da cewa in aka haska abu da haske mai launi ɗaya, ɗan kaɗan daga cikin hasken da ya warwatso, kamar ɗaya cikin miliyoyi, yana dawowa da launin da ya ɗan sauya. Gwargwadon sauyin shi ne gwargwadon rawar ƙwayoyin abin. An ba shi kyautar Nobel a 1930, kuma har yau Indiya na bikin ranar kimiyya a wannan rana. Hanyar ba ta yi ƙarfi sosai ba sai bayan da aka ƙera hasken leza a 1960. Yau duk ɗakin binciken roba na kirki yana aiki da hanyoyin biyu, don abin da ɗaya ba ta ji da kyau ba, ɗayar tana ji.

Da wannan, zancen shinkafar roba aikin minti kaɗan ne. Garin da ke cikin hatsi cike yake da mahaɗin oksijen da idirojen, wanda ke bada babban tudu mai faɗi bisa zanen, poliyetilen kuwa ba ta da shi ko kaɗan. Haka ma atamfa da shadda: muryar auduga ba ta haɗuwa da ta poliyesta, komai sheƙin da aka yi ma yadin.

Daga murya zuwa hoto

Shekaru da yawa na'urar wuri ɗaya take aunawa, ta bada amsa ɗaya. Kamar mai sayen gero ne da ya soka buhu wuri guda: ya san abin da ke bakin, bai san abin da ke tsakiya ba. A 1995 wasu masana a cibiyar binciken lafiya ta Amurka, cikinsu har da Neil Lewis da Ira Levin, suka haɗa na'urar da wata kamara mai ganin hasken bayan-ja, irin wadda aka fara ƙerawa domin aikin soja. Kamarar na da ƙananan idanu jere a layi, kuma kowane ido na ɗaukar cikakkiyar murya ta ɗigon da ke gabanshi. Mai layi 64 tsaye da 64 kwance na bada murya 4096 a tashi ɗaya. Daga nan kwamfuta ta shafa ma kowane iri launi: inda poliyetilen take ja, inda nailan yake shuɗi, inda alli yake fari. Abin da ke fitowa taswira ce ta cikin roba. Farfesa Jack Koenig na birnin Kilibilan a Amurka da ɗalibanshi na cikin waɗanda suka fara amfani da ita wajen nazarin roba.

Ƙanƙantar abin da take gani abin mamaki ne. Milimita ɗaya in aka raba ta dubu, kashi guda shi ne mikron. Kaurin gashin kai wajen mikron 70 ne. Hasken bayan-ja na rarrabe abu mai mikron 10, hanyar Raman kuwa na sauka har mikron 1.

Ɗauki ledar madarar gari ko ta tumatir. A hannu fata ɗaya ce. In aka yanka ta aka dubi kaurin, taswira na nuna hawa uku ko fiye: na waje wanda aka yi ma rubutu, na tsakiya mai hana iska da haske shiga, wanda sau da yawa siririn alminiyum ne, da na ciki mai taɓa abinci, ga kuma gam tsakaninsu. In kaya na lalacewa kafin wa'adinshi, da wannan hoto masana'anta ke gane ko wani hawa ya yi siranta ko ya huje.

Dawo ga bokitin da muka fara da shi. Poliyetilen da polipiropilen ƴan uwa ne a ido, amma in aka narka su tare ba su gauraya, kamar mai da ruwa. Taswira na nuna ɗaya ta yi tsibiri-tsibiri cikin ɗayar, kuma daga bakin tsibiran nan tsaga ke somawa. In an cika alli ma haka ne, ana ganin inda ya dunƙule. Araha ba ta ado, in ji masu magana, ga shi na'ura ta nuna dalili.

Rana ma tana cin roba

Akwai wani abin da ya shafi duk mai baza kaya a fili. Hasken rana na tsinka sarƙar roba, iskar oksijen ta samu wurin kamawa. Sabuwar poliyetilen ba ta da oksijen a jikinta, amma wadda ta sha rana sai wani sabon tudu ya ɓullo bisa zanenta, kusa da lamba 1715 a ma'aunin masana. Gwargwadon tsawon tudun, gwargwadon tsufan robar. In aka yanka aka yi taswirar kaurin, ana ganin cin ya soma daga fata yana shiga ciki. Shi ya sa kujerar da ta daɗe a rana ke yin fari-fari, tana barin gari a hannu, rannan kuma ta karye da baƙo. Robar da aka baza a ranar watan Afrilu tun safe har la'asar tana tsufa tun ba a saye ta ba.

A 2019 Imogen Napper da Richard Thompson na jami'ar Pilimos a Ingila suka bada sakamakon wani gwaji na shekara uku. Sun ajiye leda iri-iri a iska, cikin ƙasa da cikin teku, har da waɗanda aka rubuta ma cewa suna ruɓewa da kansu. Na iska duka sun ruguje sun zama gutsattsari cikin wata tara. Amma wasu daga cikin masu sunan ruɓewa, bayan shekara uku cikin ƙasa ko cikin teku, an ciro su har suna iya ɗaukar kayan cefane. Darasin shi ne rubutun jikin leda ba shaida ba ne, kuma ledar da ta ruguje ba ta ɓace ba, ƙanana ta koma.

Ɓarɓashin da ido ba ya gani

Shi dai wannan Thompson shi ya yaɗa sunan ɓarɓashin roba a 2004, sa'ad da ya tace yashin gaɓar teku ya samu zare da gutsattsarin da hasken bayan-ja ya tabbatar roba ne. Yau duk guntun da bai kai milimita 5 ba ana sa shi cikin wannan suna. Yadda ake ƙirga shi kuwa, a tace ruwa bisa ɗan faifai, a yi taswirar faifan duka, kwamfuta ta ware yashi da gashi da auduga, ta ƙirga na roba, kowane da irinshi.

A 2018 Sherri Mason ta wata jami'ar jahar Niyok ta auna gorar ruwa 259 da aka sayo a ƙasashe 9, cikinsu har da Kenya. Kashi 93 cikin ɗari na ɗauke da ɓarɓashi, kuma cikin manyan da aka tantance, polipiropilen ta fi yawa, wato irin robar marfi. A wannan shekara masana a Koriya ta Kudu suka auna gishiri iri 39 daga ƙasashe dabam-dabam, suka samu ɓarɓashi cikin 36, gishirin teku ya fi na dutse yawa. A 2020 masana a birnin Dabilin na ƙasar Ailan suka zuba ruwa mai zafin digiri 70 cikin bibaron roba, wato gorar shayar da jarirai, suka ƙirga har ɓarɓashi miliyan 16 a lita guda, kuma yawan na ƙaruwa da ƙaruwar zafi. A 2021 likitoci a birnin Rum suka bada rahoton cewa da hanyar Raman sun samu guntu 12 cikin mabiyiya 4 daga cikin 6 da suka duba bayan haihuwa. A watan Janairu na 2024 kuma masana na jami'ar Kolombiya a Niyok, da wata sabuwar hanyar Raman mai leza biyu, suka ce sun ƙirga wajen guntu 240 000 a litar ruwan gora, kashi 90 cikin ɗari ba su kai mikron guda ba.

A bi lissafin a hankali

Kafin hankali ya tashi, mu ji ɗaya gefen. Na'urar ba ta ƙarya, amma mai karanta ta na iya kuskure. A 2019 wani bincike daga Kanada ya ce jakar shayi ta roba na sakin ɓarɓashi fiye da miliyar 11 cikin kofi ɗaya, labarin ya zagaye duniya. Da masana a Jamus suka sake gwajin suna tantance guntu ɗaya-ɗaya da hanyar Raman, dubbai suka samu. A 2020 wasu masanan Jamus suka nuna cewa wani abu mai kama da sabulu da ke jikin safar hannu ta ɗakin bincike yana da murya dab da ta poliyetilen, har ana iya ƙirga shi a matsayin roba. Lissafin Kolombiya da na bibaro su ma an samu masanan da suka ƙalubalance su. Da haka aikin ke gyaruwa, wani ya auna, wani ya sake aunawa.

Abu na biyu, taswira na faɗin abin da ke akwai da inda yake, amma cutar da zai yi ma jiki wani bincike ne daban, kuma ana cikin yin shi. A rahotonta na watan Agusta 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce bisa shaidar da ke hannu lokacin, haɗarin ɓarɓashin roba cikin ruwan sha bai kai na ƙwayoyin cuta ba, ta nemi a ci gaba da bincike, a kuma rage zubar da roba. Don haka kada wata ta bar ruwa mai tsabta ta koma na tabki don tsoron leda. Kwalara da zawo kashe yaro suke cikin kwana biyu.

Inda bola ke zama kuɗi

Wani lissafi da Roland Geyer da abokan aikinshi suka fitar a 2017 ya nuna cewa daga 1950 zuwa 2015 duniya ta ƙera roba ton miliyar 8 da miliyan 300. Cikin wadda ta zama shara, kashi 9 cikin ɗari kaɗai aka sake narkawa, 12 aka ƙona, 79 na jibge a bola ko warwatse a fili. Babban cikas shi ne rarrabewa. PVC kaɗan in ta faɗa cikin PET ta ɓata tukunyar duka, don kafin PET ta narke ita ta ƙone tana fidda iska mai cin ƙarfe.

A manyan wuraren tace shara na Turai kamara ce ke wannan aiki. Shara na gudu bisa bel, kamara mai ganin hasken bayan-ja na karanta muryar kowane guntu, bututun iska na hure shi zuwa ramin irinshi. Akwai dai wadda ta gagare ta, ita ce baƙar roba. Baƙin da ake sa mata, dangin kunkunniya, yana shanye hasken duka, kamara ba ta jin komai. Kuma baƙi na rufe asiri: tarkacen launuka in aka narka su, da baƙi ake rufe munin. A 2018 Andrew Turner na jami'ar Pilimos ya auna ɗaruruwan kayan baƙar roba, ya samu wasu na ɗauke da dalma da maganin hana kama wuta irin na tsofaffin kayan lantarki. Da wata na'ura daban mai ganin ƙarfe ya gano wannan. Ba kowace baƙar roba ke da su ba, amma ido ba ya ware mai shi da maras shi.

A nan gida hannu da ido ne ke rarrabewa. Yaran da ke tsintar roba da masu sayenta a Katako ta Yamai sun san gora daban, jarka daban, takalmi daban, kuma kayan da aka ware tsaf sun fi cuɗaɗɗu daraja wurin mai narkawa.

Mu kuma ina muka tsaya?

Ƙasarmu ta kafa doka mai lamba 2014-63 ranar 5 ga watan Nuwamba na 2014, wadda ta hana ƙerawa, shigowa da saida ledoji masu laushi. Ruwanda ta yi tata a 2008, Kenya a 2017. Duk wanda ya shiga kasuwa ya san inda maganar ta kwana, haka mahauta da ke ciro dunƙulen leda daga tumbin akuya. A duniya ma, ƙasashe 175 sun amince a Nairobi a 2022 za su rubuta yarjejeniya bisa sharar roba, amma taron Busan na 2024 da na Janeba na 2025 duka sun watse ba a daidaita ba.

Doka kuwa ba ta tafiya sai da awo. In ɗan kasuwa ya ce ledarshi mai ruɓewa ce, jami'i ya ce ba ita ba ce, wa zai raba gardama? Babbar na'urar taswira na cin miliyoyin sefa masu yawa, amma akwai ƙananan na hannu masu auna wuri guda. Tun wajen 2010 hukumar NAFDAC ke amfani da wata mai suna TruScan, mai aiki da hanyar Raman, tana karanta ƙwayar magani ta cikin ledarta don gane jabu. Muna da tsangayar kimiyya a jami'ar Abdu Mumuni ta Yamai da ta Ɗan Dikko Ɗankulodo ta Maraɗi. Muna ganin lokaci ya yi da ƙungiyoyin ƴan kasuwa za su zauna da malaman nan da hukumomi, a samu wurin da mai sarin kaya zai kai guntun bokiti ko ƙyallen yadi a faɗa mishi abin da ya sayo. Wanda ya zuba jarinshi cikin mota guda ta kaya ya cancanci ya sani.

Kafin wannan rana, akwai abin da ke hannunmu. Mu riƙa juya gindin kaya muna duba lamba, mu tambayi wanda muke sari wurinshi, don tambayar masu saye ce ke sa masana'anta buga lamba. In ana shakka, a yanki ɗan guntu a jefa cikin ruwa: lamba 2, 4 da 5 suna tasowa, 1 da 3 suna nutsewa. Masu yadi sun san gwajin zare da ashana, auduga na zama toka, poliyesta na narkewa ya dunƙule. Kayan roba a sama masu inuwa, a baza samfur kaɗan, sauran su zauna cikin rumfa.

Ku kuma iyayenmu mata masu tuya da masu koko, man suya na kai digiri 170, ledar kuwa mun ji inda take narkewa. A bar ƙosai ya sha iska cikin matsami kafin a ƙulla, a ƙarfafa ma masu saye su zo da kwano. Kada a zuba abu mai zafi cikin gorar lemo ko cikin baƙar leda. Jarkar da ta taɓa ɗaukar maganin ƙwari ko man mota ba ta komawa ta man gyaɗa, komai wanki. A daina hura gawayi da leda, hayaƙin a ƙirjin mai girki da ɗan da ke bayanta yake sauka. Mai jariri da ke amfani da bibaro ta ci gaba da tafasa ruwa yadda likita ya ce, sai dai ta haɗa madarar cikin kwanon ƙarfe mai tsabta, in ta huce ta juye.

In kuma gobe wani saƙo ya shigo waya cewa an kama shinkafar roba ko taliyar roba, kafin mu tura ma na gaba mu tambaya: wa ya auna, a ina, da wace na'ura? Mai shinkafar da ke rumfar kusa da tamu, da ita take ciyar da gidanta.